Raunin da ke kashe sabar rumbun bayanai kawai: a yi masa faci yanzu ko a jira?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ra'ayin waɗanda suka daɗe suna kula da rumbunan bayanai da ke rarrabe a kan sabobi da yawa, irin su Cassandra da MongoDB da etcd. Ba a cika yin dogon lokaci ba tare da an fitar da sanarwar wani rauni a ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji ba, kuma sanarwowi da yawa suna cewa iyakar abin da mai hari zai iya yi shi ne ya sa sabar ta maƙale ko ta mutu, amma ba zai karanta bayanan kowa ba, ba zai kuma canza su ba. A ma'aunin CVSS, wanda ke auna tsananin rauni da maki daga 0 zuwa 10, irin wannan rauni yana samun maki 7.5 idan ana iya kai harin ba tare da asusu ba, yana samun 6.5 idan sai da ƙaramin asusu, yana kuma samun 4.9 idan sai mai babban iko. Duk wanda ya saba duba facin da Oracle ke fitarwa a watannin Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba ya san yadda raunukan MySQL masu maki 4.9 da 6.5 suke cika jerin.

A wuraren aiki da yawa ƙa'idar ita ce duk abin da bai kai maki 7 ba a bar shi sai zagayen gyara na gaba, wanda kan ɗauki watanni. Hujjar da ake kafawa kuwa ita ce gungun sabobi yana da kwafin bayanai a wurare da dama, saboda haka idan ɗaya ta faɗi sauran za su ci gaba da aiki. Shin wannan hujja tana da ƙafar tsayawa?

Malam Bakatsine:
Wa alaikumus salam. A ganina tana da ita, kuma ba na jin kunyar kare ta. Dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a ajiye sabobi biyar maimakon ɗaya shi ne a samu damar rasa wasu ba tare da aiki ya tsaya ba. Gungun da ke bin tsarin Raft na cimma matsaya tsakanin sabobi, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014, yana buƙatar rinjaye ne kawai: sabobi uku suna jure rashin ɗaya, biyar suna jure rashin biyu. Bugu da ƙari, rumbun bayanai ba abin da ake buɗe wa intanet ba ne. Yana bayan katangar tsaro, kuma raunin mai maki 6.5 yana buƙatar mai harin ya riga ya mallaki asusu. Wanda ya tsallake katanga ya kuma samu asusu, to damuwarka da shi ta wuce ta kashe sabar ɗaya.

Sannan mutane suna mantawa cewa faci shi ma haɗari ne. Sigar etcd daga 3.5.0 zuwa 3.5.2 tana ɗauke da aibin da kan sa bayanan da ke kan wata sabar su saɓa da na sauran idan ta mutu a tsakiyar aiki, har masu kula da manhajar suka ba da shawarar kada a dogara da su a aiki na gaske, kuma sai a 3.5.3 aka gyara a 2022. Waɗanda suka yi gaggawar hawa sabuwar siga su ne suka shiga wannan fargaba. Tsayawar aiki ta awa ɗaya tana wucewa, amma bayanan da suka gurɓace ba lallai ne su dawo ba.

Bazamfariya:
Malam Bakatsine, lissafinka na rinjaye daidai ne, amma an gina shi a kan sharaɗin da ba ka ambata ba, wato cewa sabobin suna faɗuwa ne kowace da nata dalili. Faifan wannan ya lalace, wutar waccan ta ɗauke, an taɓa wayar ta uku: irin wannan ne kwafi yake maganinsa. Rauni a cikin manhaja ba ya bin wannan lissafi, domin sabobin biyar manhaja ɗaya suke gudanarwa, siga ɗaya, da aibi ɗaya a layi ɗaya. Mai kiwon kaji ya san bambancin kaza ɗaya ta karye a ƙafa da cuta ta shigo akurki. Saƙon da ya kashe sabar farko zai kashe ta biyu da ta uku, kuma wanda ya iya aika shi sau ɗaya ba abin da zai hana shi aika shi sau biyar.

Abin da ya fi wannan muni shi ne sau da yawa ba ya ma buƙatar maimaitawa, domin tsarin da kansa zai maimaita masa. An gina manhajojin da ke haɗa shirinka da rumbun bayanai ne a kan cewa idan sabar ta yi shiru, a kai buƙatar ga wata. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a ranar da faifai ya lalace. A ranar da buƙatar kanta ce gubar, ita ce za ta ɗauki gubar ta bi sabobin ɗaya bayan ɗaya.

Mafi tsanani kuma shi ne idan gubar tana cikin rubutu ne, ba cikin karatu ba. A tsarin Raft da makamantansa, jagora, wato sabar da aka zaɓa ta shugabanci sauran, yana saka umarni a kundin da ake kwafa wa kowa, a jira rinjaye su amsa cewa sun adana, sannan kowace sabar ta aiwatar da shi. Idan aibin yana wajen aiwatarwa ne, to umarnin ya riga ya zauna a faifan kowa kafin ya fara kisa. Dukkansu za su faɗi kusan lokaci guda, kuma duk wadda aka sake tayarwa za ta karanta kundinta, ta iske umarnin yana jiranta, ta sake faɗuwa. A nan ba maganar awa ɗaya ake yi ba, sai an samu gyararriyar manhaja ko an yi wa kundin tiyata da hannu, kuma tiyatar hannu a kan kundin rumbun bayanai ita ce hanya mafi sauri zuwa gurɓacewar da kake tsoro.

Malam Bakatsine:
Na yarda da batun kundi, Hajiya, amma irin wannan aibi ba kullum ake samunsa ba, kuma sanarwa takan nuna idan shi ne. Game da maimaitawa kuwa, kin ɗan zuzuta. Manhajojin haɗi na MongoDB, tun daga waɗanda suka dace da siga 4.2, suna sake gwada karatun da ya gamu da matsalar sadarwa, amma sau ɗaya kawai suke yi. Sabar biyu ke nan, ba biyar ba.

Bazamfariya:
Sau ɗaya a wannan mataki. Amma shirin da ke sama da shi yana da nasa umarnin sake gwadawa, mai rarraba buƙatu da ke gaban shirin yana da nasa, sannan ga mutumin da ke riƙe da waya yana ta danna maɓalli domin shafi ya ƙi buɗewa. Idan matakai uku kowanne yana gwadawa sau uku, buƙata ɗaya ta zama 27 kafin ta haƙura. Idan kuma aikin yana fitowa ne daga layin jiran ayyuka, wanda ba ya cire aiki sai an tabbatar masa an kammala, to zai yi ta dawo da shi har sai wani ya farka ya cire shi da hannu.

Ɗan Damagaram:
Ina so in taɓa maganar katangar tsaro da asusu, domin a nan ne nake ganin ake yawan yaudarar kai. Gaskiya ne cewa baƙo ba shi da asusu a rumbun bayananka, amma shirinka yana da shi, kuma aikin shirinka shi ne ya karɓi abin da baƙo ya rubuta ya miƙa wa rumbun. Akwatin bincike a shafin saye da sayarwa ƙofa ce zuwa rumbun da ke gudanar da binciken, irin su Elasticsearch. Idan shirin yana barin abin da aka rubuta ya zama tsarin neman kalmomi (regex, ƙa'idar da ke bayyana siffar kalmomin da za a nemo) kai tsaye, ko yana barin mai amfani ya zaɓi yadda za a tattara sakamako, to baƙon yana aiki ne da asusun shirinka ba tare da ya san kalmar sirri ba. Sharaɗin “sai da ƙaramin asusu” da ya sauko da makin daga 7.5 zuwa 6.5 ya riga ya cika ta hannunka.

Masu Elasticsearch sun san da haka, shi ya sa suka cika manhajar da iyakoki. Ba a zurfafa cikin sakamako fiye da 10,000 ta hanyar shafi-shafi sai an canza saiti, akwai iyaka ga yawan rukunan da tattarawa ɗaya za ta haifar, akwai masu katse buƙata idan ta nemi cinye ƙwaƙwalwar sabar, kuma tun siga 7.7 akwai saitin da ke hana tambayoyi masu tsada baki ɗaya. Duk waɗannan shaida ne cewa tambaya halastacciya daga asusu halastacce tana iya durƙusar da gungu.

Tsarin neman kalmomi ma kaɗai ya isa misali. A ranar 2 ga Yuli 2019 Cloudflare, mai kare shafukan intanet, ta tura wata ƙa'ida ɗaya mai irin wannan tsari zuwa katangarta ta tace buƙatu, ƙa'idar ta sa furosesa suka cika a duk cibiyoyinsu na duniya, hidimarsu ta tsaya na minti 27. Ba rumbun bayanai ba ne, amma darasin ya shafe mu kai tsaye, domin yawan na'urorinsu bai cece su ba, tunda duka abu ɗaya suka karɓa a lokaci ɗaya. MongoDB kuma tana amfani da injin PCRE wajen irin wannan bincike, wanda yake cikin injinan da ke iya komawa baya suna ta sake gwadawa har su cinye furosesa.

Abu Hanifa:
Ni ɗalibi ne, ku yi mini afuwa idan tambayar ta yi ƙasa. Shin harin da aka kai wa GitHub, dandalin ajiye rubutun manhajoji, a 2018 yana cikin wannan babi? Na karanta cewa da Memcached, manhajar ajiye bayanai na wucin gadi, aka yi shi.

Injiniya Bakano:
Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa, amma babi ne na kusa, ba shi kansa ba. A ranar 28 ga Fabrairu 2018 an kwararo wa GitHub bayanai da suka kai terabit 1.35 a kowace daƙiƙa. Sabobin Memcached ba su ne aka kai wa harin ba, su ne makamin. An bar dubbansu a buɗe ga intanet suna sauraron UDP, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori, a ƙofar sadarwa mai lamba 11211, kuma UDP ba ya tantance adireshin mai aikowa. Mai hari sai ya aika ƙaramar buƙata da adireshin GitHub a matsayin nasa, sabar kuma ta mayar da amsa mai girman da zai iya ninka buƙatar har sau 50,000 zuwa ga wanda bai tambaya ba. GitHub ta karkatar da zirga-zirgarta zuwa Akamai, kamfanin da ke tace irin wannan ambaliya, cikin kimanin minti goma ta dawo daidai, masu Memcached kuma suka rufe UDP daga asali a siga 1.5.6. Abin da muke tattaunawa a nan shi ne akasin haka: ba a buƙatar ambaliya, ƙaramin saƙo ɗaya ko kaɗan ne ke yin ɓarnar, kuma kamfanin da ke tace ambaliya ba zai gan shi a matsayin hari ba.

Tunda na shigo, bari in ƙara abin da nake ganin an tsallake. Kuna ta magana a kan sabobin da ke riƙe da bayanai, alhali wurin da ya fi rauni a yawancin waɗannan tsare-tsare shi ne ƙaramin gungun da ke daidaita su. Manhajojin HBase da SolrCloud suna dogara da irin wannan mai daidaitawa da ake kira ZooKeeper, Kafka ma ta daɗe a kansa, Kubernetes mai sarrafa shirye-shirye a kan sabobi da yawa kuma yana ajiye dukkan halin da yake ciki a etcd. A 2017 an sanar da rauni mai lamba CVE-2017-5637 (CVE ita ce lambar rajistar raunukan da aka sanar) a ZooKeeper. Manhajar tana da gajerun umarni masu haruffa huɗu da ake aikawa ta ƙofar 2181 domin duba lafiyarta, kuma ba sa neman kalmar sirri. Biyu daga ciki, wchp da wchc, suna cin furosesa sosai, ta yadda wanda ya yi ta aika su zai hana sabar amsa buƙatun gaskiya. An gyara a siga 3.4.10 da 3.5.3 ta hanyar sa jerin umarnin da aka yarda da su kawai. Sabobi uku ko biyar ne kawai a irin wannan gungu, amma ɗaruruwa na iya jingina da su.

Akwai kuma abin da ba rauni ba ne a hukumance, amma sakamakonsa ɗaya. Daga asali etcd yana da iyakar ajiya ta gigabayit 2. Idan aka cika ta, yana tayar da ƙararrawar NOSPACE a gungun gaba ɗaya, ya daina karɓar rubutu, sai karatu da gogewa kawai, har sai an matse tarihin, an share gurbin, an kuma kashe ƙararrawar da hannu. Duk wani shiri da ke da izinin ƙirƙirar abubuwa a Kubernetes ba tare da ƙayyadadden rabo ba zai iya kai gungun ga wannan hali, da gangan ko bisa kuskure, kuma kwafi ba ya taimakawa ko kaɗan, tunda kowace sabar tana riƙe da cikakken abin da sauran ke riƙe da shi.

Malam Bakatsine:
Injiniya, misalinka na ƙarshe ya fi goyon bayana fiye da yadda yake goyon bayan Hajiya. Babu facin da zai hana etcd cika, haka aka tsara shi. Haka ma rumbun Redis, wanda ke aiwatar da umarni ɗaya bayan ɗaya a kan zare guda: umarnin KEYS, mai lissafo sunayen abubuwan da aka ajiye, a kan miliyoyin irin waɗannan sunaye zai tsayar da kowa har ya gama, rubutun Lua (ƙaramin shirin da ake gudanarwa a cikin sabar) da ya shiga zagaye marar ƙarewa zai sa sabar ta fara amsa BUSY bayan daƙiƙa 5, kuma idan rubutun ya riga ya canza wani abu, umarnin SCRIPT KILL na tsayar da shi ba zai yi aiki ba, sai dai a kashe sabar ba tare da adanawa ba. Haka Cassandra: gogewa tana barin alamar da ke zama kwana 10 daga asali kafin a share ta, karatun da ya ratsa alamomi 1,000 yana jawo gargaɗi, wanda ya ratsa 100,000 kuma a katse shi. Duk wanda ke da asusu a waɗannan manhajoji yana da hanyoyi da dama na gurgunta su waɗanda ba su da lambar CVE kuma ba za su taɓa samu ba. To idan ƙofofi goma suna buɗe bisa tsari, mene ne amfanin tayar da ma'aikata da tsakar dare domin rufe ta goma sha ɗaya?

Bazamfariya:
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a ɓangarenku, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma akwai bambanci tsakanin ƙofofin. Goman da ka lissafa suna da makulli a hannunka. Redis tun siga 6 yana da tsarin izini da za ka hana asusun shirinka taɓa KEYS ko rubutun Lua, ka tilasta masa SCAN, wanda ke lissafowa kaɗan-kaɗan. Cassandra ta ƙara shingaye a siga 4.1 da za su iya hana tambayoyi masu tsada irin na ALLOW FILTERING da makamantansa. MongoDB tana da maxTimeMS, PostgreSQL yana da statement_timeout, duka biyun wa'adi ne ga tambaya, Kubernetes yana da rabon albarkatu ga kowane sashe. Tambaya mai tsada kuma tana bayyana a ma'aunai, tana hawa a hankali, kana iya ganinta ka katse ta. Ta goma sha ɗaya ba ta da makulli: saƙo ne gurɓatacce da ke kashe manhajar nan take kafin wani wa'adi ko wata iyaka ta samu damar aiki. Kuma da zarar an fitar da faci a manhaja mai buɗaɗɗen tushe, duk mai son sani zai kwatanta tsohon rubutu da sabo ya ga ainihin wurin da aibin yake. Ranar sanarwa ita ce ranar da haɗarin ke ƙaruwa.

Ɗan Damagaram:
Tarihi ma yana da abin cewa a kan jinkiri. Microsoft ta fitar da facin raunin SQL Server 2000 a watan Yuli 2002. A ranar 25 ga Janairu 2003 tsutsar Slammer, muguwar manhaja mai yaɗa kanta, mai girman bayit 376 kacal, ta bi ta ƙofar UDP 1434 ta kama kusan na'urori 75,000 cikin minti goma, intanet ya durƙushe a Koriya ta Kudu, na'urorin cire kuɗi na Bank of America da yawa suka daina aiki. Wata shida facin yana ajiye.

Malam Bakatsine:
Slammer ba ta cikin wannan muhawara, ɗan'uwa. Raunin da ta bi yana ba mai hari damar gudanar da nasa umarni a kan na'urar ba tare da asusu ba, kuma ba wanda ke cewa a jinkirta irin wannan. Mu tsaya a kan wanda ke kashewa kawai.

Ɗan Damagaram:
Na karɓi gyaran ta fuskar rarrabewa. Sai dai a manhajojin da aka rubuta da C ko C++, faɗuwar da ta samo asali daga taɓa ƙwaƙwalwa ba bisa ƙa'ida ba wani lokaci ana fara bayyana ta a matsayin mai kashewa kawai, daga baya wani mai bincike ya nuna ana iya sarrafa ta a gudanar da umarni. Kalmar “kawai” a sanarwa tana nufin iyakar abin da aka tabbatar a ranar.

Injiniya Bakano:
Akwai wani zato a maganar Malam Bakatsine da nake so a duba, wato cewa idan harin ya wuce, aiki zai dawo da kansa. A tsarin da ke rarrabe ba haka abin yake ba kullum. A ranar 20 ga Satumba 2015 an samu ɗan gajeren tangarɗar sadarwa a yankin gabashin Amurka na DynamoDB, rumbun bayanai na Amazon. Sabobin ajiya da abin ya shafa suka koma ga sashen da ke riƙe da bayanin wace sabar ke da wane yanki, duka a lokaci guda. Wannan bayani ya riga ya ƙaru saboda wani sabon nau'in fihirisa da abokan ciniki suka rungumi amfani da shi, amsoshi suka wuce wa'adi, sabobin suka cire kansu daga aiki suna ta sake tambaya, tambayar kuma ta ƙara danne sashen. Tangarɗar asali ta wuce tun tuni, amma matsalar ta ci kusan awa biyar, kuma sai da injiniyoyin Amazon suka dakatar da buƙatun da ke zuwa sashen kafin su iya ƙara masa ƙarfi.

Roblox, dandalin wasanni na intanet, ta ga wanda ya fi wannan tsawo daga 28 zuwa 31 ga Oktoba 2021, awa 73, a kan gungu guda ɗaya na Consul, manhajar daidaita sabobi, da hidimominsu da yawa suka jingina da shi, inda wata sabuwar hanyar watsa sauye-sauye ta haɗu da wata matsala a BoltDB, ƙaramin rumbun ajiya da ke ƙarƙashinsa. A duka biyun babu mai hari. Na kawo su ne domin su nuna cewa ɗan turi kaɗan yana iya jefa gungu cikin halin da ba ya fita da kansa, kuma rauni mai kashe sabar biyu na minti ɗaya turi ne isasshe idan gungun yana aiki kusa da iyakar ƙarfinsa. Sabobi uku da suka rage za su ɗauki nauyin biyar, ma'ajin wucin gadi na waɗanda suka dawo zai zo fanko, ga kuma jerin buƙatun da suka taru suna jira.

Abu Hanifa:
To idan sabar da aka kashe ita ce jagora fa? Ba sai a zaɓi wata nan take ba?

Injiniya Bakano:
Za a zaɓa, amma zaɓe yana da tsada. A etcd jagora yana aika alamar rai kowane milidaƙiƙa 100, kuma idan mabiya suka yi daƙiƙa 1 ba su ji shi ba sai su fara zaɓe, a tsawon wannan lokaci kuwa babu rubutun da ake karɓa. Mai hari ba ya buƙatar kashe rinjaye, ya isa ya riƙa kashe ko jinkirta duk wanda ya zama jagora. A watan Nuwamba 2020 wata na'urar haɗa sadarwa ta Cloudflare ta lalace rabi da rabi, wasu sabobin etcd suna jin juna wasu ba sa ji, gungun ya yi ta maimaita zaɓe ba ya iya rubutu, kuma abin da ya biyo baya ya taɓa shafin sarrafa asusun abokan cinikinsu sama da awa shida. Akwai gyaran da ake kira PreVote, inda mai neman jagoranci yake fara tambaya ko zai samu ƙuri'u kafin ya tayar da zaɓe, yana kuma rage irin wannan rikici, amma ba ya hana jagoran da aka kashe mutuwa.

Malam Bakatsine:
Ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba, amma zan daidaita shi. Har yanzu ina ganin kuskure ne a ɗora sabuwar siga a kan rumbun bayanai a ranar da ta fito. Abin da na yarda da shi shi ne makin da ke kan sanarwa bai isa ya yanke hukunci ba. CVSS ɗin kansa yana da sashen da mai tsarin zai ɗaga nauyin samuwar hidima gwargwadon muhallinsa, kuma mutane ƙalilan ne ke cika shi. Ni tambayoyin da zan yi su ne: shin abin da baƙo ya rubuta yana iya isa wurin da aibin yake, shin aibin yana gaban tantance asusu ne ko bayansa, kuma shin gubar tana shiga kundin da ake kwafawa. Idan amsar ta ƙarshe e ce, ni ma ba zan jira wata uku ba. Idan kuwa sai mai babban iko ne zai iya tayar da shi, irin masu 4.9, zan bar shi ya bi layi, domin mai wannan iko yana iya kashe sabar da umarni na halal.

Bazamfariya:
A kan masu 4.9 ba mu da saɓani. A kan tambayarka ta biyu kuwa, a lura cewa kalmar sirri ba ita ce farkon abin da sabar ke karantawa ba. Kafin ta kai ga tantance kowa, ta riga ta karɓi haɗi, ta ware masa ƙwaƙwalwa, ta fara fassara saƙo. Harin Rapid Reset da aka bayyana a watan Oktoba 2023, mai lamba CVE-2023-44487, a wannan mataki yake: mai hari yana buɗe buƙatu a HTTP/2, ƙa'idar sadarwar yanar gizo, yana soke su nan take, sabar tana ta fara aikin da ba za a karɓa ba, har Google ta ga buƙatu miliyan 398 a daƙiƙa guda. gRPC, tsarin da manhajoji ke kiran juna da shi, a kan HTTP/2 yake tafiya, etcd da CockroachDB kuma suna amfani da gRPC, saboda haka irin wannan aibi yana iya iso ga rumbun bayanai ta manhajar wasu da aka gina shi da ita, ba ta rubutun masu shi ba. Abin da ke tsayar da baƙo kafin wannan mataki shi ne TLS, tsarin sirranta sadarwa, mai neman takardar shaida daga ɓangarorin biyu, musamman a ƙofofin da sabobi ke magana da juna, irin 7000 a Cassandra da 2380 a etcd da 9300 a Elasticsearch, waɗanda aka tsara su bisa zaton duk mai magana a nan ɗan gida ne.

Game da tsoron sabuwar siga, rarrabuwar da ba ta kare ka daga aibi iri ɗaya ba tana ba ka abu guda da sabar tilo ba ta da shi: kana iya yi wa ɗaya faci, ka bar ta ta yi aiki tare da sauran na kwana ɗaya ko biyu kana kallon ma'aunanta, sannan ka matsa ga ta gaba. Kuma facin tsaro a kan layin sigar da kake kai ba ɗaya ba ne da tsallakawa daga 3.4 zuwa 3.5, wanda shi ne abin da ya jefa mutane cikin matsalar da ka ambata.

Malam Bakatsine:
Da sharaɗin masu manhajar sun mayar da gyaran zuwa tsohon layin. Idan sigarka ta fita daga cikin waɗanda ake tallafawa, babu ƙaramin faci, sai babban tsalle, kuma a Cassandra babban tsalle yana nufin sake rubuta fayilolin ajiya da kauce wa aikin daidaita kwafi muddin sigogi biyu suna gauraye a gungu. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne, kuma a tsawon makonnin da zai ɗauka, abin da zai tsare ka shi ne tace abin da shirinka ke miƙawa da rage yawan sake gwadawa a kowane mataki, tare da jinkiri mai ƙaruwa da ɗan bambancin lokaci tsakanin masu gwadawa domin kada su dawo a tare.

Ɗan Damagaram:
A ƙara da cewa layin jiran ayyuka ya riƙa ƙirga sau nawa aiki ɗaya ya gaza, idan ya kai uku a ware shi gefe a sanar da mutum, maimakon a mayar da shi kan sabar da ta tashi yanzu.